Baƙin Satumba a fadamar Nguru

Jiya bayan sallar asuba na fita bakin fadama da tsohuwar na'urar hangen nesa ta mahaifina. Shamuwa ta fara haramar tafiya, amma baƙi sun iso: ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da siririn baki, suna ta caccakar laka. Na ƙirga goma sha bakwai kafin wani mai kwalekwale ya tashe su.

A arewacin Turai da Saiberiya suke ƙyanƙyasa, sannan su ƙetare Sahara su yi hunturu a nan. Duk shekara abin yana taɓa mini zuciya. Damuwata ita ce kachala, doguwar ciyawar ruwa wadda ta cinye bakin ruwan da suke kiwo a cikinsa lokacin ƙuruciyata.