Saƙon godiya bayan ƙaddamar da littattafaina uku

Assalamu alaikum. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya nuna mana ranar Asabar da ta gabata lafiya, ina miƙa godiyata ga duk waɗanda suka bar harkokinsu suka halarci taron ƙaddamar da littattafaina uku a Kano, da waɗanda uzuri ya hana su zuwa amma suka aiko da wakilai. Shugaban taro da babban mai ƙaddamarwa da malaman da suka yi sharhi duk na bi su har gida na yi musu ban gajiya, saboda haka a nan ina so in ambaci mutanen da sunayensu ba su fito a katin gayyata ba, alhali daga bakinsu na ɗebo yawancin abin da na rubuta.

A littafi na farko, wato tarihin dambe, mutanen su ne tsofaffin 'yan dambe na ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada, waɗanda na shafe shekaru ina bin su gida-gida da rikoda, domin tarihin wannan wasa yana wurin mahauta da makaɗa da 'yan kallon da suka cika fage bayan kaka. Ana tsakiyar sharhi wani dattijo, damtsensa na dama cike da tsagar magani, ya miƙe ya ce, "Likita, kisan nan da ka rubuta ba a turmin farko aka yi shi ba, a na uku ne, kuma ni na ɗaure wa mutumin hannu." A dambe, kisa shi ne kai abokin karawa ƙasa, turmi kuma zagaye ne na wasan. Zaure ya kaure da dariya, ni kuwa na ji daɗin da ban ji ba a duk yabon da aka yi mini ranar. Baba, na karɓi gyara, kuma za a gan shi a bugu na biyu in Allah ya yarda.

Littafi na biyu, wato labarin shekarun da na yi a aikin asibiti, shi ya fi ba ni wuya, musamman babin annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta hallaka mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, ta kuma zo wa Kano tare da ƙyanda da amai da gudawa a tsakiyar zafin bazara. Ina gode wa ma'aikatan jinya da masu shara da muka yi wannan aiki tare, lokacin da gadaje suka ƙare muka shimfiɗa yara a tabarmi, muna rataye ledar ƙarin ruwa a jikin ƙusa. Su suka tuna mini abubuwan da na so in manta. Na sauya sunayen majinyata gaba ɗaya, amma wata baiwar Allah ta gane ɗanta a cikin labarin, ta kuma zo da shi wurin taron. Ciwon ya tafi da jinsa, yanzu magidanci ne mai shagon ɗinki, kuma da ya riƙe hannuna na kasa cewa komai. Hajiya, Allah ya saka da alheri.

Na uku ƙagaggen labari ne na wani iyali da suka bar Kano bayan Turawa sun ci birnin a watan Fabrairun 1903, suka bi Sarkin Musulmi Attahiru a hijirarsa zuwa gabas har Burmi, inda aka kashe shi a watan Yuli na shekarar. Mutanen labarin ni na ƙirƙire su, amma hanyar da suka bi ta gaskiya ce, kuma a kanta ma'aikatan ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da na Gidan Arewa sun yi haƙuri da yawan tambayoyina. Haka kuma jikokin masu hijira da ke Mai Wurno a Sudan sun riƙa aiko mini da saƙon murya kan abin da suka ji daga kakanninsu, har yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya katse mu. Allah ya kawo musu zaman lafiya.

Ina gode wa uwargida da 'ya'yana, musamman auta da ta buga mini rubutun a kwamfuta tana fama da mummunan rubutun hannun likita. Ina kuma neman afuwar waɗanda suka biya kuɗin littafi na uku ba su samu ba, domin maɗaba'a ba ta kawo adadin da muka yi alkawari ba. Sunayenku suna hannuna, kuma da zarar sauran sun iso za a kai wa kowa nasa. Allah ya bar zumunci, ya kuma saka wa kowa da alheri.