Kafin ka sayi gidan haya na farko a Garwa

Jama'a, fenti ba ya biyan kuɗin haya. Ka fara da takarda: a Kamaru, titre foncier ce shaidar mallaka, kuma dokar 1974 ta ce cinikin fili mai wannan takarda sai a gaban notaire, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta da tabbatar da takardun ciniki. Sa hannun mai unguwa bai wadatar ba. In gidan gado ne, ka tabbatar duk magada sun yarda.

Sai lissafi. A ce gidan miliyan 15 na sefa ne, ɗaki 6, kowanne 15,000 a wata: 1,080,000 ke nan a shekara. Cire wata 2 da ɗakuna za su zauna babu kowa, cire 150,000 na gyaran kwano da kwashe masai, saura 750,000. Shekara 20 kafin uwar kuɗi ta dawo, ba a ma sa haraji ba.

Ka je duba gidan a watan Agusta, lokacin da kogin Binuwai ya cika. Dubi gindin bango: in siminti na ɓarɓashi, ga farin gishiri-gishiri, ruwa na kwanciya a wurin. Mitar wuta ɗaya ga gida duka kuwa rigima ce kowane ƙarshen wata, ka tambayi bashin da ke kanta tun kafin ka biya.