Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Gardamar Mushtari da Zuhal

Makon jiya mun tsaya a inda na yi ritaya daga koyarwa, ɗana ya saka mini manhajar Stellarium, mai nuna inda taurari suke a sama, a kwamfuta. To, ita ta haɗa ni gardama da aminina, wani malamin hisabi da muke zaman majalisa ɗaya a Kano.

A Disambar 2020 ake ta zancen haɗuwar Mushtari da Zuhal (duniyoyin da Turawa ke kira Jupiter da Saturn) a sararin sama. Mushtari kan kewaye rana cikin kusan shekara 12, Zuhal sai ya yi 29 da rabi, shi ya sa kusan duk shekara 20 na farkon ke cim ma na biyun. Amma ta ranar 21 ga wata daban ce: tazararsu a ido ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na faɗin wata ba. Rabon da su matsu haka tun 1623.

Sai ga Malam da wayar jikansa. Ita ta ce za su haɗu wajen biyu da rabi na rana, tawa kwamfutar kuwa ta nuna sun fi kusa bayan bakwai na dare.

"Hedimasta, injinan nan naku ko junansu ba su yarda da shi ba."

"Allah gafarta Malam, ai kowa da ma'auninsa."

Haka ne kuwa. Wayar na jiran su daidaita a layi ɗaya daga arewa zuwa kudu, ni kuma tazarar tsakaninsu nake dubawa. Inda kowannensu yake a sama, babu saɓani ko kaɗan. Hazon hunturu kawai nake tsoro, shi ne ba shi da lissafi.

Bayan Magariba muka hau soro, muka fuskanci kudu maso yamma. Ga Mushtari fes, Zuhal dushi-dushi a gefensa, sai ka ƙura ido kake raba su. Na miƙa wa Malam madubin hangen nesa, na ce alhali tsakaninsu ya haura kilomita miliyan 700. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi yaushe za a sake.

Na ce akwai ta 2040, amma irin wannan matsuwar sai Maris na 2080.

"To, rubuta wa jikokinmu a takarda, in lissafin ya goce su bi mana kadi."

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yadda Malam ya fara koya mini manzilolin wata 28, wato masaukansa a cikin taurari.