Super Play: mujallar da ta ci abinci da nisan da ke tsakanin Japan da Birtaniya

Fitowa 47 kacal Super Play ta yi, daga ta Nuwamban 1992 zuwa ta Satumban 1996, kuma duk a kan na'urar wasan bidiyo guda: Super Nintendo. Kamfanin Future Publishing da ke garin Bath a Ingila ne ya buga ta, Matt Bielby ne editan farko, James Leach ya gaje shi, sai Alison Harper ta rufe ƙofa. Ba ita ce mujallar da Nintendo ya ba lasisi ba. Wannan gatan na Nintendo Magazine System ne, ta kamfanin EMAP. A ganina rashin lasisin nan shi ya yi mata rana, domin ta samu bakin faɗin abin da kamfanin ba ya so a ji: cewa ɗan wasan Birtaniya ragowa ake ba shi.

Na'urar ta fito a Japan ranar 21 ga Nuwamba 1990 da sunan Super Famicom, ta isa Amurka a Agustan 1991, ba ta shiga kasuwar Birtaniya ba sai Afrilun 1992. Jinkirin ma da sauƙi. Babbar matsalar ita ce talabijin. Ta Japan da Amurka, mai tsarin NTSC, tana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa. Ta Turai, mai tsarin PAL, sau 50. Yawancin kamfanonin wasa ba sa wahalar da kansu su gyara lissafin, sai wasan ya zo yana jan ƙafa da kusan kashi 17 cikin ɗari. Kuma da yake PAL ya fi yawan layuka, hoton yakan matse, baƙin gefe ya fito sama da ƙasa. Wanda ya saba da wasan faɗa a na'urar Japan, da ya riƙe ta Turai hannunsa zai gaya masa.

Saboda haka Super Play ta mai da hankali kan wasannin da ake shigowa da su ta bayan fage, tana bitar kaset ɗin wasa na Japan ko na Amurka watanni kafin ya iso a hukumance, in ma zai iso. Chrono Trigger, EarthBound, Super Mario RPG da wasan da Amurka ta sani da Final Fantasy III duk ba a sake su a Turai ba a zamanin na'urar. Shafin Fantasy Quest na mujallar don irin waɗannan wasanni masu dogon labari aka buɗe shi.

To, sayen kaset daban, kunna shi daban. Makullai iri biyu ne. Na farko siffa: kaset ɗin Amurka ya fi faɗi, mai kusurwoyi ne, ba ya shiga bakin na'urar Turai, ita kuma ta Amurka tana da 'yan haƙoran roba biyu a ciki masu tare kaset ɗin Japan. A karya su, shi ke nan. Na biyu shi ne cif ɗin tsaro mai suna CIC, ɗaya a na'ura ɗaya a kaset, dole su gaisa kafin wasa ya tashi. Kaset ɗin Japan da na Turai siffarsu ɗaya, yana shiga lafiya lau, amma allo ya tsaya baƙi ƙirin saboda CIC ɗinsu ba ɗaya ba ne.

Mafita mai arha ita ce adafta mai baki biyu. Ka sa baƙon kaset a sama, ka maƙala kowane kaset na Turai a baya, na'urar ta gaisa da na bayan, ta karanta na saman. Sai kamfanoni suka farga, wasu wasanni suka fara duba saurin na'urar da kansu, in suka ji 50 maimakon 60 su fito da saƙon ƙin tashi. Kaset masu ƙarin cif mai suna SA-1 a ciki, irin su Super Mario RPG, sun fi taurin kai, don tsaronsu a cikin cif ɗin yake. Kuma ko adafta ta yi aiki, jan ƙafar PAL na nan daram. Masu ƙwazo sai su buɗe na'urar: a ɗaga ƙafa ta 4 ta CIC don kashe makullin, a ɗaga ta 24 a PPU1 da ta 30 a PPU2, wato cif biyu masu sarrafa hoto, a haɗa su da makunni mai zaɓar 50 ko 60. Ƙafafun sirara ne, a daɗe da ƙarfen dalma a kai ko a lanƙwasa sau biyu, sun karye. Bayan haka kuma sai an samu wayar haɗa na'ura da talabijin irin ta SCART mai RGB da talabijin mai karɓar 60, in ba haka ba hoto ya riƙa birgima ko ya fito ba launi.

Bangon mujallar kuwa ko daga nesa ka hango ka san ita ce. Wil Overton ne ya zana kowanne, cikin salon zanen manga na Japan, a lokacin da salon bai gama shiga Birtaniya ba. Helen McCarthy kuma tana da shafinta a kan zanen motsi na Japan, abin da ba ruwansa da wasa kai tsaye, amma ya zauna daidai.

Abin da ya kashe ta ba ɓoyayye ba ne. Mujallar na'ura guda ba ta wuce na'urarta tsawon rai. Sabbin na'urorin wasa, PlayStation da Saturn, sun shiga Turai a 1995, sabbin kaset na Super Nintendo suka ja baya, shafukan bita suka rame. Future ya rufe mujallar, a 1997 ya fito da N64 Magazine, ta sabuwar na'urar Nintendo 64, ƙarƙashin Jonathan Davies, tsohon marubucin Super Play, tare da Overton. Wannan zuriya ta koma NGC, ta koma NGamer, ta ƙare a 2012 da sunan Nintendo Gamer.

Ga masu tara tsofaffin kwafi: akwai fitowa ta 48, amma ba ta 1996 ba ce. An yi ta sau ɗaya a 2017, lokacin fitowar SNES Classic Mini, ƙaramar sabuwar sigar Super Nintendo, aka haɗa ta da mujallar Retro Gamer, kuma Overton ne ya sake zana bangon.