Aji ɗaya, suna uku

Shekarar da aka ba ni ajin ƙananan yara a wata firamare da ke ƙauyukan Ringim, hedimasta ya ɗora min rubuta takardar sanarwa ga iyaye. Na yi NCE, amma duk abin da na karanta a kan ilimin ƙananan yara da Turanci ne, don haka da na zauna yin rubutu da Hausa sai na riƙa ɗaukar duk kalmar da ta zo min. A sama na rubuta "rabin aji", a tsakiya "ajin share fage", can ƙasa kuma "sashen renon yara". A tunanina hakan ado ne, kada maimaici ya gunduri mai karatu.

Ranar Litinin sai ga wata dattijuwa da jikoki uku, ƙaraminsu ba a daɗe da yaye shi ba. Ta ce, "Malama, ga na reno, ga na share fage, wannan babban kuma na rabin aji." Na ce, "Sannu da zuwa Iya, ai duk aji ɗaya ne." Ta ce to don me aka ba shi suna uku?

Gaskiya ce da ita. Jikarta ta aji biyar ce ta karanta mata takardar a tsakar gida, kuma mai ji da kunne ba ya iya komawa baya ya duba layin da ya wuce, duk sabon sunan da ya ji sabon abu zai ɗauke shi. Ashe ma har a takardun gwamnati ba abu ɗaya ba ne. Manufar ilimi ta ƙasa, bugun 2013, ta ware reno da kulawa ga yara daga haihuwa zuwa shekara 4, sannan ta ware shekara guda ta shirin shiga firamare ga 'yan shekara 5. Ajinmu na biyun ne. Kalmar "reno" da na saka ta yi wa iyaye alkawarin abin da ba mu da shi.

Kalmar da ta fi tayar min da hankali ita ce "horo". Na rubuta cewa za mu horar da yara, ina nufin koya musu riƙon fensir, jira a layi da wanke hannu. A taron iyaye wani magidanci ya miƙe ya ce madalla, a hora su sosai, kada a raga musu bulala. Daga baya na ji wata uwa ta hana 'yarta zuwa saboda wannan kalmar. Tun ranar ban sake rubuta ta a takardar yara ba, "koyarwa" nake cewa. "Wasa" kuwa na riƙe ta duk da iyaye maza ba sa son jin ta, sai dai kullum "wasan koyo" nake rubutawa, in kawo misali: ƙirga da 'ya'yan tsamiya, zana harafi a kan yashi.

A cikin aji ma haka. Ni ina cewa kore da rawaya, abokiyar aikina tana cewa tsanwa da ruwan ɗorawa. Duka Hausa ce ingantacciya, amma yaro ɗan shekara biyar da aka nuna wa ganye jiya aka ce kore, yau aka ce tsanwa, shiru yake yi in an tambaye shi. Muka sayi littafi mai shafi 40, muna rubuta kalmar da muka tsayar, sauran sunayen kuma a bari sai yaro ya riƙe na farkon.

Sunan ajin mun tsaya a kan "rabin aji". Har yanzu raina bai kwanta da shi ba, domin yana sa a ga kamar aikin bai kai na cikakken aji ba, alhali nan ne yaro ke fara son makaranta ko ya tsane ta. Amma shi ne a bakin iyaye, shi mai unguwa ke faɗa in zai yi shela. Yanzu kafin in fitar da takarda, sai na kira yarinya 'yar aji biyar ta karanta min ita da ƙarfi, ni kuma in rufe ido in saurara.