Talatin ba biyu

Laraba da dare. Wuta ba ta dawo ba tun la'asar, da fitilar waya nake rubutu.

Auta ta dawo daga makaranta fuska a murtuke, ko takalmi ba ta cire ba ta miƙo min littafin lissafi. Jan biro har huɗu a shafi guda. Duka lissafin ɗebewa ne, kuma kuskuren iri ɗaya. An ba ta 52 a cire 28, ta rubuta 36. Na daɗe ina kallon 36 ɗin nan kafin in gane hanyar da ta biyo: a gidan ɗaya ta ga 2 a sama, 8 a ƙasa, 2 ba za ta ba da 8 ba, sai ta juya su ta ce 8 a cire 2, saura 6. Gidan goma kuma 5 a cire 2, saura 3.

Da na tambaye ta dalili, ta ce ai Malama ce ta ce 3 a tara da 5 daidai yake da 5 a tara da 3, ko wanne ya zo gaba jimla ba ta canzawa. Gaskiya Malama ta faɗa. Yarinyar ce ta ɗauki dokar tarawa ta kai ta gidan da ba nata ba. Ban ma iya yi mata faɗa ba, don wanda ya yi irin wannan kuskure tunani ya yi, ba cinta ba. Na ce mata, idan kina da alewa 8 kika ba yayanki 2, ɗaya ne da kina da 2 ya ce ki ba shi 8? Ta yi dariya ta ce wannan ai zalunci ne.

Sai muka zo kan aro. Haka aka koya mana mu ma: idan na sama bai kai ba, ka ari ɗaya a maƙwabci. Auta ta ce, "Umma, to yaushe za a mayar masa?" Na rasa amsa. A Hausa abin da aka ara shi ake mayarwa da kansa, kamar turmi ko tsani. Kuɗi da hatsi kuwa rance ake yi, a biya da makamancinsu. Wannan na lissafi ba aro ba ne, ba rance ba, tunda babu abin da ke komawa. Canji ne. Ka ba mai shago naira ɗari guda ya ba ka 'yan hamsin biyu, kuɗinka bai ƙaru ba bai ragu ba. Na ciro tsinken tsintsiya, muka ɗaure goma-goma da zare, ɗauri 5 da tsinke 2 a gefe. Na ce ta ba ni 8. Ta yi jim, sannan da kanta ta kwance ɗauri guda. Ɗauri 4 da tsinke 12. Daga nan ba ta ƙara neman taimakona ba, ta samu 24.

Duk wannan Inna na kan tabarma tana ƙirga ƙuli-ƙuli cikin leda, kamar ba ta jin mu. Inna ba ta taɓa zama a ajin boko ba, amma shekara da shekaru tana saye da sayarwa daga cikin gida, ban taɓa jin yaron talla ya cuce ta da ko sisi ba. Ta ce, "Ke ƙawata, nawa aka ce ki cire?" Auta ta ce ashirin da takwas. Inna ta ce, "Talatin ba biyu kenan. Cire talatin, ki mayar da biyun." 52 a cire 30, saura 22, a ƙara 2, 24. Ko tsinke ba ta taɓa ba.

Wallahi sai na ji kunya kaɗan. Na ɓata rabin tsintsiya, alhali dabarar tana cikin bakinmu. Muna cewa ashirin ba ɗaya maimakon 19, ashirin ba biyu maimakon 18, ɗari ba ɗaya maimakon 99. Ɗebewa ce a cikin sunan lambar kanta. Goma sha uku da ashirin da biyar kuwa tarawa ce. Inna ta ce su a ƙauye gomiya biyu, gomiya uku suka taso suna ji, ashirin da talatin na Larabci ne. Da yaro zai ji gomiya biyar da biyu, ina jin babu sauran wahalar gane gidan goma.

Ta kuma nuna mana yadda take ba da canji. Ba ta cirewa sam, haurawa take yi. An yi cinikin naira 350 aka ba ta 500: hamsin ya cika ɗari huɗu, ɗari ya cika biyar, canji 150. Na ce wa Auta da wannan za ta riƙa duba aikinta, saura a tara da abin da aka cire, dole ya koma lambar farko. Ta gwada tsohuwar amsarta, 36 da 28, ta samu 64. Ta zaro ido. Ta gwada 24, ya faɗa kan 52 cif.

Lissafin ƙarshe a shafin shi ne 47 a cire sifiri. Ta rubuta 47, ta ce wannan kyauta Malama ta ba su.

Ta yi barci da ɗauri biyu na tsinke a ƙarƙashin matashi, wai gobe za ta nuna wa ƙawarta. Ni kuma sai na sayi sabuwar tsintsiya da safe.