Abin da cinikin albasa tsakanin Tawa da Sakkwato ya koya mana

A Yamai aka ƙaddamar da yankin ciniki maras shinge na Afirka a watan Yulin 2019. Wata guda bayan haka Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu, ba ta fara buɗewa ba sai Disambar 2020. Aka sake rufe iyakar Najeriya da Nijar bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. Matashin da ya ɗora dukan sana'arsa a kan ƙofar Ƙonni da Illela ya ji jiki sau biyu. Shi ya sa muke cewa duk mai neman abokin hulɗa a Sakkwato ya riƙe wani mai saye a Yamai ko Maraɗi, ko da ribar ba ta kai ba.

Amma ko iyaka na buɗe, abin da ya fi raba abokan ciniki shi ne kuɗi. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan yuro ɗaya, ita kuwa naira tun da aka sake ta a Yunin 2023 ba ta zauna wuri guda ba. Idan manomin Galmi, a jihar Tawa, ya ba da albasa bashin wata biyu aka yanke farashi da naira, ranar biya yana iya zuwa wurin ɗan canji ya tarar ribarsa ta tafi. Sai a rubuta tun farko da wane kuɗi za a biya, da canjin wace rana, kuma wa zai ɗauki faɗuwa. A sa adadin da lambobi, domin mu a Nijar da dala muke ƙirga, dala ɗaya sefa biyar: "ɗari biyu" a bakin mutumin Tawa jika guda ce, watau sefa 1,000.

Buhu ma haka. Wani buhun ana yi masa toliya har ya haura kilo 100, wani bai kai ba, kuma duka sunansu buhu. Sikeli ne ke kashe wannan gardama.

Sai ingancin kayan. Albasar da aka cika wa takin yuriya, ko aka yi ta ba ta ruwa har gab da cira, kyau gare ta a ido amma ba ta jure ajiya. A yanke ruwa kamar mako biyu kafin cira, a bari wuyan ya bushe sarai, a ware mai rauni, sannan a zuba a rudun da ke sama da ƙasa, iska na ratsawa. Ƙungiyoyin manoman ɓangarorin biyu za su amfana ƙwarai in suna ziyartar rudun juna, tunda harshe ɗaya ne, ba a neman tafinta.

Masu sarrafa albasa zuwa busasshiya ko gari su ne suka fi ba mu tausayi. Suna zuba jari a injin busarwa da leda mai kyau, sai a ƙarshe su gane cewa manyan kantunan Najeriya ba su karɓar abincin da aka ƙunshe in babu lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, kuma rubutun jikin ledar da Faransanci kaɗai bai isa ba. Rajistar tana bukatar wakili a Najeriya, saboda haka a nemo shi, a rubuta yarjejeniya, kafin a buga ko leda ɗaya.